Tsakanina da Kura

Ni mai awon hatsi ne. Gidana a Kazaure yake, a gindin duwatsu, amma abincina a kasuwanni yake: Babura, Roni, Gwiwa, duk inda kasuwa ta ci, can nake kwance bakin buhuna. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina da wani hali da ya daɗe yana wahalar da ni, ba na gama abu in yarda na gama shi. In na yi alwala sai in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. In na auna wa mace tiya ta tafi, sai in bi ta da ɗan ƙari a tafin hannu, ko da na san na cika mata. Tun muna da ƙuruciya matata ta ce wannan halin zai tsufar da ni kafin lokacina. Ya kuwa tsufar da ni.

A shekarun farko da aka ba mu jihar Jigawa, akwai wani gidan kallo kusa da tasha, rumfar kwano ce da bencina da talabijin guda. Ni ba ma'abocin kallo ba ne. Ƙanina ne ya ja ni wata rana bayan la'asar, wai lallai in zo in ga abin da Turawa suka yi.

Kafin wannan ranar, kowa ya san yadda ake rikiɗa a fim. Mutum zai tsaya, hayaƙi ya tashi, hoton ya ɗan yi tsalle, sai ga akuya a inda yake tsaye. Ko yaro ya san an tsayar da kyamara ne, an janye mutumin, an jawo akuyar. Wani lokacin har inuwar bishiya takan canza wuri, a yi ta dariya. Amma a wannan fim babu hayaƙi, babu tsalle. Muna kallon fuskar mutum, sai hancinsa ya fara tafiya, kumatunsa suka zube, goshinsa ya ja baya, duk a kan idonmu, har ya zama wani mutumin dabam. Ban ga inda na farko ya ƙare ba, ban ga inda na biyu ya fara ba. Wani dattijo a bencin gaba ya yi a'uziyya ya fice, ya bar takalminsa.

Ni na koma gida da ciwon kai. Ƙanina ya koma da ciwon da ya fi nawa, domin daga ranar bai ƙara zama lafiya ba sai da ya tafi Kano koyon kwamfuta. Duk zuwan da zai yi gida da labarin yake zuwa. Ya ce can ƙasar Turawa injinan da suka yi wannan aikin sun cika ɗaki, kuma an daɗe ana fama kafin a samu abin da bai fi tsawon atishawa ba a fim. Ya ce wata rana abin zai sauko har inda talaka zai taɓa shi. Nakan ce masa Allah ya sa alheri ne, in ci gaba da ɗinke buhuna.

Bayan wasu shekaru abin ya sauko. Ƙanina ya dawo Kazaure da kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, ya buɗe shago yana haɗa bidiyon biki da na suna. Sai wasu samari masu wasan kwaikwayo suka ce za su yi fim a cikin duwatsunmu, labarin wani gida da suka gaji rikiɗa, suna zama kuraye suna cinye wa mutane awaki. Ƙanina ya ce shi zai yi musu rikiɗar da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan. Hoton kura yana da shi, ya ɗauka lokacin da masu wasa da kura suka zo kasuwar Babura, har ya zauna ya goge mata takunkumi a kwamfuta. Fuskar mutum ce ta gagara. Duk saurayin da ya zaunar sai ya zare ido ya yage baki, wai shi mugu.

"Yaya, kai ne maganin abin nan," in ji shi. "Fuskar da ba ta motsi nake so. Kai kuwa tun da aka haife ni ban ga ka yi dariya da haƙori ba."

"Ni ba ɗan wasa ba ne."

"Ba magana za ka yi ba. Zama kawai a kan dutse, kai ne kakan gidan. Kafin a ƙifta ido an wuce ka."

Ban amsa ba sai da na je wurin malamin unguwarmu. Na tambaye shi hukuncin hoto, na tambaye shi ko wannan bai shiga canza halittar Allah ba. Ya ce hoto ba halitta ba ne, kuma tunda ƙarshen mugu ake nunawa, babu rawa babu mata a wurin da zan fito, bai ga laifi ba. Na koma washegari na sake tambaya, ko ban faɗi wani abu daidai ba. Ya ce, "Malam, jiya ma na ji ka." Duk tambayoyin da na yi a kan Lahira ne. Daga ni har malamin babu wanda ya tuna da 'yan kallo.

Na zauna a kan dutsen, aka ɗauka. Daga baya na leƙa shagon na ga yadda yake aikin. Fuskata a gefe ɗaya na allon, ta kura a ɗaya gefen. Yana sa ɗigo a gefen idona, ya je ya sa ɗan'uwansa a gefen idon kura. Ɗigo a ƙofar hancina, ɗigo a nata. Leɓe da leɓe, kunne da kunne, har fuskata ta zama kamar mai ƙyanda. Ya ce in ya gama, kwamfuta za ta ja kowane ɗigo a hankali zuwa wurin ɗan'uwansa, fatar kuma ta bi. Da ya ce in tsaya in ga yadda zai fito, na ce ina da awo a Roni. Da kaset ya fito na kalla sau ɗaya, kuma da hancina ya fara tsawo na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji kukan kura.

Fim ɗin bai yi kyau ba. Babu wanda ya riƙe labarinsa. Amma wannan ɗan wurin, a gidajen kallo na Babura da Roni da Gwiwa, an yi ta mayar da shi baya ana sake kallo har kaset ya fara cin kansa.

Da farko wasa ne. In na sauka daga mota a Babura sai 'yan dako su ɗaga murya, "A ɗaure awaki, mai awo ya iso!" Wani mahauci a Roni, abokin wasana ne, kullum sai ya ɗago ƙashi ya ce, "Ga naka na ajiye maka, Malam, ko sai duhu ya yi za ka zo ɗauka?" Ina murmushi, in dawo gida in kasa cin tuwo. Sannan abin ya fara sauya launi. Mutanen Nijar masu zuwa da sefa suka riƙa tsayawa a gaban buhuna, ba sa taya hatsi, yatsuna suke kallo. A Gwiwa wata mata da ta shekara tana awo a wurina ta hango ni, ta jawo ɗanta ta mayar bayanta, ta wuce wurin maƙwabcina. Wata Juma'a na ga wanda ke gefena a sahu ya bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa. Ko kuwa ni ne na ga haka? Har yau ban tabbata ba, kuma har yau ina tunaninsa.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina shi ne maganar yarinyar wajena, ta fari.

Wani malamin makaranta daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa yake nemanta, yaro mai hankali, ita ma tana so. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi, kuma a gidan nan maganarta ce magana. An kawo gaisuwa, an fara zancen sa rana. Sai shiru. Aka yi girbi shiru. Daga ƙarshe baffan yaron ya zo, kuma kamar yadda aka saba, ba wurina ya zo ba, wurin ƙanina ya je, tunda shi ne waliyyin yarinyar. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗa. An yi biki a ƙauyensu an ɗauko talabijin, Hajiya, kakar yaron, ta ga kaset. Ta ce ita ba ta zargi kowa ba, amma ba za ta haɗa jini da gidan da ba ta san abin da ke ƙarƙashin fatarsu ba. An gaya mata aikin inji ne. Ta ce ta san aikin inji, inji yana niƙa, yana ɗinki, yana ban ruwa, amma ita da idonta ta ga hancin mutum yana tafiya.

Yarinyar ba ta ce mini komai ba, ba ta kuwa isa ta ce ba. Sai dai na riƙa ganin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na gane halina ne a jikinta, abin ya ƙara mini nauyi. Uwarta ce ta yi magana, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba.

"Kai da kake sake alwala har ruwan buta ya ƙare, ka kasa sake tunani sau ɗaya kafin ka hau dutsen nan?"

Ƙanina ya ce mafita ɗaya ce, a kai wa Hajiya kwamfutar har ɗakinta ta ga yadda ake yi. Ya ce kuma dole in je. Na ce ina aka taɓa yin haka, uban yarinya ya kwashi ƙafa ya je gidan masu neman 'yarsa, kamar mai tallan ta? Ya ce, "Yaya, fuskarka ce ake shari'a da ita. Ba zan iya kai ta a buhu ba."

Muka ɗauki shatar wata tsohuwar mota. Kwamfutar muka naɗe da bargo na rungume ta a cinya, ƙaramin janareto a baya yana zubar da mai a kan buhun gero da na ce a kai wa Hajiya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar wani abu ya karye a cikin bargon. Hanya duka ina shirya abin da zan faɗa, ina rushewa.

Mun isa da hantsi. Aka shigar da mu ɗakin Hajiya saboda hasken waje ba zai bari a ga allo ba. Tsohuwa ce ƙarama, a zaune kan buzu, carbi a hannu. Baffan yana bakin ƙofa, yaron kuma aka kira shi ya durƙusa can gefe, kansa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa, don kunyar junanmu muke ji. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon hannuwana, sannan ta dubi gumin da ke bin wuyana.

"Sannu, Malam. Ka sha hanya. Ko tsoro ne?"

"Zafi ne, Hajiya."

"To. Da ma an ce kura ma matsoraciya ce."

Baffan ya yi tari. Ƙanina ya yi sauri ya tayar da janareto.

Ya nuna mata komai, bai ɓoye ba. Ga hotona a kan dutse, ga hoton kura da takunkuminta kafin ya goge. Ya sa ɗigon a gabanta, ɗaya a idona, ɗaya a idon kura. Tana kallo ba ta ƙifta ba. Da ya gama bayani ta ce, "Ɗan nan, in idonsa bai dace da nata ba, yaya aka yi ɗigon ya san inda zai je?"

"Ni nake gaya masa, Hajiya. Kowa ma zan iya yi wa. Ko Baffa."

"A'a, a'a," in ji baffan daga bakin ƙofa, "ni ina da awaki a gida, kada a fara."

Ba wanda ya yi dariya sai ƙanina. Na ga dai mun ɗauko kaya mun zo mun ƙara ɓata abin. Na fara tunanin yadda zan shiga gida in dubi yarinyar.

Sai Hajiya ta ce, "Yi da ni. Amma ba da dabba ba. Haɗa ni da wancan." Ta nuna jikanta da carbi.

Ƙanina ya ce ta gyara zama, ta dubi kyamara, kada ta motsa. Ta ja mayafinta baya kaɗan, ta daure fuska. Aka ɗauki yaron shi ma. Sa ɗigon ya ɗauki lokaci, janareto yana ta ƙara a tsakar gida, yara sun cika taga, aka kawo mana fura na kasa sha. Ni dai ina ta lissafin ko man zai kai.

Da ya gama ya danna. Fuskar tsohuwar ta fara cikowa, tamojin goshinta suka soma bajewa, haɓarta ta faɗaɗa, tana tafiya wajen fuskar yaron.

"Tsaya!"

Ƙanina ya tsayar.

"Koma baya kaɗan. Nan. Bar shi nan."

A allon akwai wani mutum wanda ba ita ba ne, ba kuma yaron ba. Magidanci ne, mai idon tsohuwar da haɓar yaron. Na ji baffan ya taso daga bakin ƙofa. Ya sunkuya a kan allon, ya ce, "Inna lillahi." Ya ƙara da cewa, "Inna, Yaya ne."

Ta matso a kan buzun da gwiwa, ta kai yatsa ta taɓa gilashin a daidai kumatun mutumin. Ashe mahaifin yaron bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ya rasu. Yaron ya ɗago kai a karo na farko tun shigowarmu, yana kallon uban da bai sani ba.

Can ta share ido da bakin mayafi, ta koma mazauninta, muryarta ta dawo yadda take.

"Saura nasa. Tsayar mini da shi a tsakiya, kamar wannan."

Wannan tsakiyar ita ce na rufe ido a kanta tun fitowar kaset. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na sha kwanciya ina tunanin me ke wurin. In tsakanin kaka da jika an sami ɗa, ni me za a samu tsakanina da kura? Na so in ce a bari.

Ƙanina ya ja, ya tsayar. Na duba.

Wani abu ne kumburarre, kamar tunkiyar da zuma ta harba. Kunnuwan sun tsaya a inda ba na mutum ba, ba na dabba ba. Hular da na sa ranar ta narke ta zama wani tabo a ka. Ba abin tsoro ba ne, abin tausayi ne. Wani yaro a taga ya fashe da dariya aka kore shi.

Hajiya ta daɗe tana dubawa. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Wannan ba kowa ba ne," ta ce. "Ban san shi ba, ba wanda ya san shi. Inda jini yake, ga shi mun gani, mutum ya fito. Nan babu jini. Ku rufe abin nan."

Ya kamata in yi shiru. Na sani. Amma halina bai bar ni ba, domin na ji kamar za a ɗaura auren a kan abin da ba haka yake ba, kuma in an tambaye ni ranar gobe me zan ce?

"Hajiya, a gafarce ni," na ce, "gaskiya injin nan bai san jini ba. Ko wa aka haɗa da wani..."

Ƙanina ya dube ni kamar zai yi kuka.

"Malam," in ji ta, "na tambaye ka?"

"A'a, Hajiya."

"To kai da injin ku yi mini shiru. Na ga abin da na gani." Ta juya wajen baffan. "Ku je ku sa rana. Kai kuma ɗan nan, wancan na farkon, ka fitar mini da shi a takarda."

A hanyar dawowa, da muka hango duwatsun Kazaure, ƙanina ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaya, wallahi da kura ce ta je da ta fi ka wayo."

An yi auren bayan sallah. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, gajiya kawai na ji, irin ta wanda ya sauke buhu ya tarar bayansa ya riga ya saba da lanƙwasa. Sunan kura bai bar ni ba. Matar nan ta Gwiwa ba ta dawo awo wurina ba. Kaset ya mutu, gidajen kallon sun zama shagunan cajin waya, waɗanda suka yi fim ɗin sun yi furfura, amma har yanzu in na sauka a Babura akan sami ɗan dakon da zai ce a ɗaure awaki, yaron da ba a ma haife shi ba lokacin, bai kuma san dalilin faɗar ba. Na daina murmushin. Nakan ɗaga masa hannu in wuce.

Yanzu abin da ya cika ɗaki a ƙasar Turawa, ya sa ƙanina ya bar gida shekaru, yana cikin wayar kowane yaro. Jikokina sukan sa wa kansu kunnen kare su yi ta ƙyalƙyala dariya, su ce, "Kaka, kawo fuskarka." Sai in ce ina da alwala.

Hajiya ta rasu da daɗewa. Hoton nan da aka fitar mata yana rataye a ɗakinta har ƙarshe, yanzu kuma yana falon yarinyar wajena, an sa masa gilashi. Yaran gidan sun taso suna cewa kakansu ne. Duk ziyarar da zan kai sai na zauna ina ba shi baya. Kwanaki ƙaramar cikinsu ta kama hannuna ta ja ni gabansa.

"Kaka, ka san shi?"

Na dube shi. Idon tsohuwar, haɓar surukina. Na tsaya ina auna amsar, in na ce e ban faɗi daidai ba, in na ce a'a ban faɗi daidai ba. Uwarta tana bakin ƙofa da kwanon abinci, ta tsaya tana jiran abin da zan ce.

"Na taɓa ganinsa sau ɗaya," na ce. "Je ki kawo mini buta."